Turaren lemo a bazara: tambayoyinku da amsoshinsu

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Sakkwato. Tun da zafi ya kama, humrata da turaren oud ɗin da na saba da su suka fara hawa mini kai, har wata majinyaciya ta roƙe ni in rage. Na shiga shago, mai shagon ya fesa mini wani turare mai ƙamshin lemo, ya ce na maza da mata ne. Na ji daɗinsa sosai, amma kafin in isa gida ƙamshin ya kusa ɓacewa. Jabu ne ya nuna mini, ko haka irinsa yake? Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, shi ya sa nake tambaya kafin in saya.

Amsa: Ƙanwata, saurin ɓacewar nan ba ta isa ta sa ki ce jabu ne ba. Halin turaren lemo ke nan, ko na gaske ne, ko nawa aka saye shi.

Ki ɗauki lemon zaƙi ki ɓare, ki lanƙwasa ɓawon kusa da hancinki. Za ki ga wani ɗan feshi ya tashi, yatsunki su yi maiƙo, ƙamshi ya cika wurin. Ki dawo bayan ɗan lokaci ki shinshina yatsun, kusan babu komai. Wannan man na cikin ɓawo shi ne ake matsewa a zuba a turare, ko na lemon zaƙi, ko na lemon tsami, ko na bergamot, wani ɗan lemo mai ɗaci da ake nomawa a yankin Kalabriya na kudancin Italiya. Mafi yawan abin da ke cikin man lemon zaƙi wani sinadari ne da ake kira limonene, ba shi da nauyi, da ya sha iska sai ya tashi. Oud da sandal da almiski kuwa masu nauyi ne, shi ya sa mayafin da ya sha humra yake kwana yana ƙamshi. To ki haɗa wannan da zafin Sakkwato na watan Afrilu, inda ma'auni ke wuce digiri 40, ga jiki da ɗumi ga gumi. Abin da zai yi awa biyu a ƙasar sanyi, a nan ba lallai ya cika awa ɗaya ba.

Waɗanda suka fara haɗa shi ma ba don ya daɗe suka yi shi ba. A 1709 wani ɗan Italiya, Giovanni Maria Farina, ya haɗa turaren lemo a birnin Kolon na Jamus, daga nan sunan Eau de Cologne ya samo asali. Ruwa ne da ake yayyafawa a jiki a ji sanyi, in ya tafi a ƙara. Turaren 4711 na wannan birnin har yau a kan wannan tsarin yake.

Saboda haka abin da ya kamata ki bincika shi ne me ke saura a jikinki bayan lemon ya tashi, don da shi za ki wuni. Masu haɗa turare suna ɗora lemon ne a kan wasu abubuwan da suka fi shi zama: furen lemo mai ɗaci da ake kira neroli, ganyensa, ƙamshin ganyen shayi, almiski mai laushi, ko saiwar vetiver, 'yar'uwar jemar da muka sani. Turare biyu za su iya yin ƙamshi iri ɗaya a mintuna biyar na farko, bayan awa ɗaya wannan ya koma kamar sabon wanki, wancan ya bar miki wani ɗan tsami da ba za ki so ba. Mai shago ƙamshin farko yake sayarwa, don shi ke sa a zaro kuɗi nan take.

Ki koma shagon da rana, ranar da ba ki shafa humra ba, kayanki kuma ba su sha turaren wuta ba. Ki sa a fesa miki a wuyan hannu, kada ki yarda da na takarda kaɗai. Kada ki gwada fiye da biyu, ɗaya a kowane hannu, hanci yana gajiya da wuri. Sannan ki fita. Shagon da ke da na'urar sanyaya ɗaki ba zai gaya miki gaskiya ba, sai kin shiga rana kin yi gumi. Ki shinshina bayan kwata, bayan awa ɗaya, da kuma bayan awa uku. Ki miƙa wa wata abokiyar aikinki hannu ita ma ta ji, domin sau da yawa hancin wadda ta shafa turaren ne ya saba har ya daina ji, alhali na kusa da ita suna ji.

Ki duba jikin kwalbar kuma. In an rubuta Eau de Cologne, man turaren da ke ciki yawanci kashi 2 zuwa 5 ne cikin ɗari. Eau de Toilette kashi 5 zuwa 15, Eau de Parfum kuma wajen 15 zuwa 20. Mai kauri ya fi daɗewa, amma ki sani ƙasan turaren, wato abubuwan da aka ɗora lemon a kansu, ne ke daɗewa, lemon dai zai tafi a lokacinsa.

A ganina irin wannan turaren ya dace da aikinki ƙwarai. Mai zazzaɓi, mai asma, mai ƙaramin ciki da ke fama da tashin zuciya, duk ƙamshi mai nauyi yana takura musu, kuma ba kowa zai iya buɗe baki ya faɗa kamar majinyaciyar nan ba. Sai dai kada ki fara da babbar kwalba. Ki nemi ƙaramar, ko irin wadda amintattun masu turare ke ɗibar mililita 10 su sayar, ki yi mako biyu da ita a jaka, kina ƙarawa bayan azahar. In kin ga har yanzu hannunki na kai wa gare ta, ki sayi babbar. Maganar jabu kuwa, ki duba ko lambar da ke ƙasan kwalba ta yi daidai da ta jikin kwali, kuma in farashin ya faɗi ƙasa warwas da na sauran shaguna, ki bar shi.

Tambaya: Hajiya, matata ta sayo CK One ta ce mu riƙa fesawa tare. Ni kuwa ina jin nauyi, kar in shiga cikin abokai a Kantin Kwari a ce na sa turaren mata.

Amsa: Malam, fesa abinka. Kamfanin Calvin Klein ya fito da CK One a 1994, kuma tun ranar farko an yi shi ne don maza da mata. Ƙamshin bergamot ne da ganyen shayi da almiski, babu zaƙin fure mai yawa da zai sa a juyo a kalle ka. Raba turare gida biyu, wannan na maza wancan na mata, yawancinsa aikin kwali ne da talla. Mu nan ba baƙon abu ba ne miji da mata su shafa oud ɗaya ko almiski ɗaya. Abin da aka ruwaito a hadisin Tirmizi shi ne turaren maza wanda ƙamshinsa ya bayyana launinsa ya ɓoyu, na mata kuma wanda launinsa ya bayyana ƙamshinsa ya ɓoyu. Ka ga maganar ta fi shafar yadda ƙamshi ke tashi a bainar jama'a. Kai ka fesa uku ko huɗu ka tafi kasuwa, ita ta ji daɗinsa a gida. Abin da zan faɗa maka kawai, in ka saba da turaren da ke riga ka shiga ɗaki, wannan ba zai yi maka haka ba, kada ka ce ta yi asarar kuɗi.

Tambaya: Anti, an ce turaren lemo yana baƙanta fata in rana ta taɓa wurin. Gaskiya ne? Kuma nawa da nake ajiyewa a mota ya canza ƙamshi.

Amsa: Akwai gaskiya a ciki, 'yata. Man bergamot da ba a tace ba yana ɗauke da sinadarin bergapten, wanda in ya haɗu da hasken rana a kan fata yakan bar tabo mai duhu, musamman a gefen wuya, kuma a fata irin tamu tabon yakan yi watanni bai gushe ba. Manyan kamfanoni yanzu suna cire shi ko su rage shi sosai, bisa ƙa'idar ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA. Inda nake jin tsoro shi ne man da ake aunawa a kasuwa ba suna ba takarda, da kuma masu matse lemon tsami a fuska su fita rana. In ba ki tabbatar da asalin turaren ba, ki fesa inda tufafi ke rufewa, ko a kan tufafin, a nan ma ya fi daɗewa. In farar shadda ce ko farin mayafi, ki fara gwadawa daga ciki, don mai yakan bar shaida.

Na motar kuwa zafi ne ya dafa shi. Man lemo yana cikin waɗanda suka fi saurin lalacewa da zafi da haske da iska, kuma lalataccen yakan sa wasu ƙaiƙayi. In launinsa ya yi duhu, ko yana ƙamshin tsami kamar fenti, kada ki ƙara sa shi a fata. Sabon da za ki saya ki bar shi cikin kwalinsa a ƙasan durowa, nesa da taga, ki ɗebi kaɗan a 'yar kwalba don fita.