Asbesto a silin tsohon gida, in cire da kaina?

Tambaya: Malam, tsohon gida muka gada, an ce abin da aka cusa a silin don tare zafi asbesto ne, zan iya yaye shi da kaina?

Amsa: Ɗan'uwa kul, kar ka taɓa shi! Ƙurarsa ce matsalar, zare ne siriri da ido ba ya gani, in ya shiga huhu ya zauna kenan, sai bayan shekara 20 zuwa 40 cutar kansa ta iya bayyana. Takunkumin kemis kuwa ba ya tare shi wallahi. Kira ƙwararru masu lasisi su fara gwada samfur, su za su rufe ɗakin da leda, su jiƙa asbeston, su ƙulle a buhu biyu. Kafin su zo ko tsintsiya kar a sa.