Tambaya da Amsa: Malamina ya ce zanena "kitsch" ne

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai koyon zane. Na zana wata yarinya tana hawaye a bakin kogi, rana na faɗuwa a bayanta. Malaminmu ya duba ya ce "kitsch" ne. Yabo ne ko kushe? Daga ina kalmar ta fito?

Amsa: 'Yata, kushe ne, amma kada ki karaya. Kalmar Jamusanci ce, ana furta ta "kic". Ta fara yawo a kasuwar zane-zane ta birnin Munik a shekarun 1860 da 1870, inda masu zane da dillalai ke kiran hotunan araha da ake yi a gurguje don a sayar. Masana harshe suna danganta ta da "kitschen", wato kwashe taɓo daga titi, da kuma "verkitschen", wato karyar da kaya. Daga baya Ingilishi da Faransanci suka are ta. A 1939 Clement Greenberg, mai sharhin zane ɗan Amurka, ya yi fitaccen rubutu a kanta, ya ɗora laifin yaɗuwarta a kan zamanin masana'antu.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, matsalar ba ta araha ba ce. "Kitsch" aiki ne da ke tauna wa mai kallo abinci ya sa masa a baki. Ya riga ya gaya maka inda za ka ji tausayi, bai bar maka abin da za ka gano da kanka ba. Kuɗi ma ba ya wanke shi. Zanen wata 'yar Sin mai koriyar fuska da Vladimir Tretchikoff ya yi a Afirka ta Kudu, masu sharhi sun daɗe suna laƙaba masa wannan suna, duk da haka a 2013 an sayar da shi a Landan kusan fam miliyan ɗaya.

Sai dai ina jin zafin yadda wasu ke amfani da kalmar don raina adon talaka. Jeren kwanuka a ɗakin amarya, ko zanen jikin babbar mota, akwai gwaninta da tarihi a ciki, ban yarda a kira su haka ba.

Ki koma wajen malamin naki ki tambaye shi wane ɓangare yake nufi. Ina zaton hawayen ne. Ki gwada cire su, ki zana yarinyar kamar yadda idonki ya taɓa ganin wata a bakin ruwa.