Wace hita ta dace da tukunyar tace ruwan batir a gida?

Malam, ka tambaya game da hitar lantarki da za ka sa wa tukunya mai lita 25 domin tace ruwan batirin sola ta hanyar tururi. A ganina, mai wat 2,000 ta wadatar da kai, domin za ta tafasa wannan ruwan cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, sannan ta riƙa ba ka kimanin lita 3 a kowace awa. A kan wutarmu ta bolt 230 tana jan kusan amfiya 9, alhali mai wat 3,000 tana jan 13, wanda ya yi wa soket na gida yawa idan za a daɗe ana aiki. Ka kuma sani cewa idan wuta ta yi rauni zuwa bolt 180, kusan kashi 40 cikin 100 na zafin zai tafi.

Ruwan rijiyoyin Sakkwato, musamman wajen Kalambaina inda dutsen farar ƙasa yake, yakan bar farin ɓawo a jikin ƙarfe, saboda haka ka zaɓi doguwar hita ta ƙarfen da ba ya tsatsa, wadda zafinta ke bazuwa, domin gajeriya takan ƙone da wuri a ƙarƙashin ɓawon. A huda tukunyar ƙasa-ƙasa yadda ruwa zai rufe hitar kullum, a ɗaure ta da robar silikon, a haɗa jikin tukunyar da wayar ƙasa (wato wayar da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa don kada ta ja mutum), kuma mai gyaran wuta ya sa waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5. Kada a taɓa toshe bututun da tururi ke fita.