Hukuncin Fita Yawon Garuruwa a Mota Kai Kaɗai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Maraɗi ne. Ina son in ɗauki motata ni kaɗai in zaga garuruwan jiharmu, irin su Tibiri, Madarunfa, Mayahi, Tasawa da Dakoro, don in ga ƙasa. Wani ya ce mini haramun ne mutum ya yi tafiya shi ɗaya. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma zan yi ƙasaru?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, asalin wannan tafiya halas ne. Allah Ya ce a Suratul Ankabut, aya ta 20, a yi tafiya cikin ƙasa a duba yadda Ya fari halitta. Sharaɗi dai ka bar wa iyalinka abin ci, kuma idan mahaifanka suka hana, ka haƙura, domin ba tafiyar wajibi ba ce.

Wanda ya ce haramun ne yana da abin da ya dogara da shi. A Muwaɗɗa, Annabi (SAW) ya kira matafiyi ɗaya shaiɗan, biyu shaiɗanu biyu, uku su ne ayari. Bukhari kuma ya ruwaito daga Ibn Umar cewa da mutane sun san abin da ke cikin kaɗaici, da ba wanda zai yi tafiyar dare shi kaɗai. Amma Annabin ya aiki Zubairu shi ɗaya leƙen asiri ranar Khandaƙ. Don haka malamai suka ɗauki hanin a kan karhanci, kuma suka duba dalilinsa: in ka yi ciwo ba mai jinya, in ka mutu ba mai sutura, in an tare ka ba mai kai labari. An ruwaito daga Imam Malik cewa hanin yana kan tafiyar da ta kai nisan ƙasaru.

To hukuncin yana bin hanya da lokaci. Babbar hanyar kwalta ta Maraɗi zuwa Tasawa da rana, motoci na kai da kawo, babu laifi. Hanyar rairayi cikin daji, wadda za ka yi awa ba ka gamu da ko amalanke ba, makaruhi ce, balle da dare. Inda kuwa aka san ƴan bindiga na satar mutane, kamar wasu yankunan kan iyaka da Najeriya wajen Madarunfa da Gidan Rumji, in zaton halaka ya rinjaya, shiga haramun ne, ko ku nawa ne. Tambayi direbobin tasha da jandarmomi kafin ka kama hanya. Dabara mai sauƙi: shiga ƙauye ranar kasuwarsa, lokacin hanya cike take da jama'a, kaɗaicin ya kau.

Tanadi ma yana cikin tawakkali. Tafi da tayar ajiya mai iska, jak, shebur, da ruwa kamar lita 20, na sha da alwala da injin. Cika tanki a gidan mai, saboda man kwalba na bakin hanya yakan zo da datti ya toshe matatar mai. In ka kafe a rairayi kada ka yi ta taka totur, ƙara nutsewa za ka yi; rage iskar taya, ka tone gabanta. Da damina kada ka ratsa gulbi yana gudu. Faɗa wa wani a gida inda za ka kwana, kuma in ka sauka ƙauye fara da gaida mai gari.

Batun ƙasaru nan ne mutane ke yawan kuskure. A mazhabar Malikiyya nisanta baridi 4 ne, mil 48, wato kilomita 80 da ɗoriya, zuwa kaɗai ban da dawowa, kuma da niyyar yanke shi tun daga fita. Tibiri da Madarunfa ba su kai ba, ka cika salla. Tasawa da Dakoro sun haura kilomita 100, sai ka mai da Azahar, La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu bayan ka wuce gidaje da lambunan gari. Amma in ka fita ba ka ƙudurta inda za ka ba, duk garin da ya burge ka ka tsaya, Mukhtasar Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ce irin wannan mai gararamba ba ya ƙasaru, ko da ya wuni yana tuƙi. Haka wanda tafiyarsa wasa ce zalla, an karhanta masa ƙasaru. Gyara niyya zuwa lura da ayoyin Allah ko sada zumunci, ka kuma ambaci garin da ka nufa. In ka yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wuri ɗaya, ƙasaru ta yanke.

Kada ka bar Maraɗi ranar Juma'a bayan rana ta karkata sai ka sallaci Juma'a. Wannan amsa kuma ta namiji ce. Mace ba ta tafiyar yini da kwana sai da miji ko muharrami. Wallahu a'alam.