Abin da ɓeran gwaji ke iya gaya mana game da maganin fargaba

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na karanta tambayarki tun daren jiya, amma na bari sai da na taso daga aiki domin in amsa a natse. Abu biyu kika tambaya: yadda masana suke gane cewa ɓera yana cikin fargaba alhali ba ya magana, da kuma ko gwajin da aka yi a kan ɓeraye ya isa ya kwantar miki da hankali game da diyazefam, maganin fargabar nan da Hajiya mahaifiyarki take sha wata biyar ke nan, bayan likita ya rubuta mata na mako biyu kacal. Ni mai harhaɗa magani ne a nan Damagaram, kuma kafin in dawo gida na yi shekara biyu a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a a Najeriya ina yi wa fararen ɓeraye allurar wannan maganin da hannuna.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Birni ko Zango ya san tafiyar kusu. Ba ya ratsa tsakar gida, sai dai ya bi gindin bango, ya tsaya bayan randa, ya leƙa, sannan ya ruga zuwa rumbu. Yana son ya binciki sabon wuri saboda abinci, yana kuma tsoron fili da haske saboda mage da shaho, kuma a kan wannan ja-in-ja aka gina kusan dukan gwaje-gwajen. Wanda muka fi amfani da shi katako ne mai hannu huɗu kamar alamar tarawa a lissafi, a ɗage daga ƙasa kimanin rabin mita. Hannu biyu suna da bango, biyu kuma a buɗe suke babu abin jingina. Ana ajiye ɓeran a tsakiya a ba shi minti 5, a ƙirga sau nawa ya shiga kowane hannu da tsawon zaman da ya yi a ciki. An tabbatar da wannan gwaji a kan manyan ɓeraye a 1985, a kan ƙanana kuma a 1987. Akwai kuma akwati mai ɗaki biyu, ɗaya da duhu ɗaya da haske, wanda aka fito da shi a 1980.

Ɓeran da aka yi wa allurar ruwan gishiri kawai yakan leƙo da kansa daga hannu mai bango, ya miƙe jikinsa ƙafafun baya suna nan a kafe, ya shaƙi iska, ya koma. Wanda aka yi wa diyazefam, miligiram 1 a kan kowane kilo na nauyinsa, rabin awa kafin gwaji, sai ki ga ya taka har ƙarshen buɗaɗɗen hannun, ya sunkuyar da kai yana duba ƙasa. Ranar da na fara ganin haka jikina ya yi sanyi, domin dabbar da nauyinta bai wuce giram 25 ba ta bar halin da aka haife ta da shi saboda ɗigon ruwa. Amma ki lura da abin da muka auna: ƙafa da lokaci. Babu wanda ya shiga zuciyar ɓeran, shi ya sa masu binciken da suka san aikinsu suke rubuta "hali mai kama da fargaba".

A watannina na farko na tafka kuskuren da ya koya mini fiye da abin da littattafai suka koya mini. Na ƙara yawan maganin, sai na ga ɓerayen suna daɗewa sosai a buɗaɗɗen hannu, na kai wa malamina sakamakon ina murna. Ya ce in ɗora su a kan sandar nan mai juyawa da ake auna ƙarfin ƙafa da ita, nan da nan suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba jarumtaka ta zaunar da su a fili ba, maye ne ya kama su a inda suke, suka kasa komawa. Tun daga ranar na gane cewa tazarar da ke tsakanin adadin da ke rage tsoro da adadin da ke kashe jiki ƙarama ce ƙwarai.

Dalilin yana cikin ƙwaƙwalwa. Akwai wani sinadari da ake kira GABA, wanda shi ne babban birkin ƙwayoyin jijiya. Idan ya sauka a kan makarɓarsa, wato wurin da ke karɓarsa a jikin ƙwayar, sai wata ƴar ƙofa ta buɗe, wani sinadarin gishiri da ake kira kulorid ya kwarara cikin ƙwayar, ita kuma ta yi nauyin tashi. Diyazefam ba ya buɗe ƙofar da kansa. Yana mannewa a gefenta ne, ya sa ta riƙa buɗewa akai-akai duk lokacin da GABA ya zo. An gano wurin mannewar nan a 1977, shekara 14 bayan diyazefam ya shiga kasuwa da sunan Valium a 1963, wato mutane sun daɗe suna shansa kafin a san inda yake aiki. Matsalar ita ce waɗannan ƙofofin ba a cibiyar tsoro kaɗai suke ba, wadda ake kira amigdala. Suna nan a sashen ajiye tunani, suna nan a sashen daidaita tafiya, saboda haka birkin yakan kama ko'ina a lokaci guda.

A nan ne nake ganin ɓeraye suka yi wa ɗan Adam babban aiki. A 1999 da 2000 masu bincike a Zurik ta ƙasar Suwizalan suka sauya ƙwayar gini guda ɗaya tak a jikin makarɓar, ta yadda diyazefam ba zai iya mannewa a wani nau'inta ba. Ɓerayen da aka taɓa musu nau'in alfa 1 maganin bai sa su barci ba, bai kuma sa su mantuwa ba, amma ya rage musu tsoro. Waɗanda aka taɓa musu alfa 2 kuwa, barcin ya zo, tsoron bai tafi ba. A 2010 wasu a Janeba suka nuna cewa ta alfa 1 ɗin nan ne maganin ke sakin wani sinadari mai suna dofamin a cibiyar jin daɗi ta ƙwaƙwalwa, hanyar da kayan maye ke bi su kama mutum. Ƙwayar da Hajiya ke haɗiya ba ta zaɓe, dukansu take taɓawa. Idan kuma aka ci gaba da ba ɓera maganin kullum, ƙwaƙwalwarsa takan daidaita kanta da birkin, har adadin jiya ya daina sa shi barci; ranar da aka yanke masa kwatsam sai ya fi yadda yake da farko firgita, wani ma har da farfaɗiya.

Wasu magungunan damuwa da fargaba, irin su fuluwoksetin, tafiyarsu dabam ce. Allura ɗaya ba ta rage wa ɓera tsoro, wani lokaci ma ƙara masa take yi, sai an yi makonni ana ba shi kafin a ga sauyi, kamar dai yadda yake ga mutane.

Sai rabin tambayarki na biyu, inda nake son ki yi taka-tsantsan. Sakamakon ɓera yana da saurin rikiɗa. A 1999 an gwada ɓeraye iri ɗaya, da kayan aiki iri ɗaya, a rana ɗaya, a garuruwa uku na Amurka da Kanada, aka samu sakamako mabambanta, musamman a gwajin tsoro. A 2014 wasu a Kanada suka gano cewa warin jikin namiji mai gwaji kaɗai yana ta da hankalin ɓera fiye da na mace. Ɗaukarsa ta wutsiya ma yana ƙara masa tsoro, kuma haka muke ɗaukarsu a lokacinmu, abin da har yau yake damuna. Ɓeran da ya taɓa hawa katakon sau ɗaya, idan aka maida shi, diyazefam ba ya ƙara fitar da shi fili. An kuma yi magunguna da dama da suka yi kyau a kan ɓeraye, aka kai su kan mutane suka kasa. Fargabar Hajiya kuwa ta tunanin ƴaƴa ce da rashin lafiya da abin da gobe za ta zo da shi, wanda minti 5 a kan katako ba zai auna ba. Saboda haka idan mai talla ya ce miki "an gwada a kan ɓeraye", wannan matakin farko ne kawai. Ni dai na fi yarda da gargaɗin da ɓera ya yi a kan wannan maganin fiye da albishirinsa, domin mayen da mantuwar da sabon da na gani a keji, su nake gani a gaban kantina, musamman ga tsofaffi, waɗanda jikinsu ke jinkirin fitar da maganin har ya taru ya kayar da su a banɗaki ko a hanyar alwalar asuba.

Don Allah kada ki ɓoye mata ƙwayoyin, kada kuma ki sa ta bari a rana ɗaya, domin bayan wata biyar hakan yana da haɗari. Ki raka ta wurin likita a cikin makon nan, ki tafi da kwalin da take saye a wurin masu talla domin a ga miligiram nawa ne, ki kuma faɗi gaskiyar adadin da take sha a dare. Idan tana haɗawa da taramol saboda ciwon gwiwa, ki fara faɗin wannan tun kafin a tambaye ki, saboda su biyun tare suna danne numfashi. Likita zai tsara mata ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni, ya kuma duba abin da ya hana ta barci tun farko. Allah Ya ba Hajiya lafiya.