Tambayoyinku kan fasaha: ina son sauti irin na silima a falona, amma kuɗina kaɗan ne

Wani magidanci daga Zariya ne ya aiko da tambayar da za ta ci mafi yawan filinmu na wannan makon. Ga abin da ya ce, a taƙaice:

"Malam, na sayi talabijin mai inci 50, hotonta ba magana, amma sautinta kamar daga cikin gwangwani yake fitowa. Falona matsakaici ne, tayil ne a ƙasa. Abin da muka fi kallo labarai ne, da ƙwallo, da finafinan Hausa, yara kuma su kalli nasu a YouTube. A kasuwa an nuna mini wani mai sifika biyar da wufa, an rubuta wat 5000 a kwalinsa, kuma kuɗinsa bai wuce ƙarfina ba. In saya?"

Malam, kada ka saya tukuna. Bari mu fara da wat 5000 ɗin nan, domin ita ce ta fi cin kuɗin mutane. Idan ka duba kwalin da kyau, kusan tabbas za ka ga haruffa huɗu a gefen lambar: PMPO. Wannan ba ma'auni ba ne da ke da wata ƙa'idar da aka yarda da ita, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Ma'aunin da za ka nema shi ne RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya fitarwa a kai a kai ba tare da sautin ya fashe ba. In mai shago ya ce bai san RMS ɗin ba, to juya na'urar ka karanta 'yar takardar da ke manne a bayanta kusa da wayar wuta. A nan ake rubuta wutar da take sha. Na sha juya irin waɗannan na ga wat 60 ko 80. Na'urar da ke shan wat 80 daga bango ba ta da inda za ta samo 5000 ta ba sifika.

Kuma ma ba ka buƙatar dubu biyar ɗin. Sifika mai kyau tana ba da ƙara kusan desibel 87 zuwa 90 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) da wat ɗaya tak, idan kana tsaye mita ɗaya daga gare ta, wannan kuwa ƙara ce da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ninka wat ɗin wajen sau goma. Shi ya sa wat 30 zuwa 50 na gaskiya a kowace sifika ya ishi falo irin naka har da saura.

Sai maganar yawan sifikun. Lambobin nan da kake gani, 2.0 da 2.1 da 5.1, lambar farko tana nufin yawan sifikun da ke ɗaukar murya da kiɗa, ta bayan ɗigon kuma wufa ce, mai fitar da ɗum-ɗum ɗin nan da ake ji a ƙirji. A tsarin 5.1 akwai ta hagu da ta dama a gaba, da ta tsakiya wadda ke ɗaukar maganar 'yan wasa, da biyu a gefen mai kallo ko ɗan bayansa. Amma sifika biyar ba sa yin aikin biyar sai in abin da kake kallo an naɗe shi da hanyoyin sauti biyar, kamar yadda ake yi da Dolby Digital ko DTS. Ka duba jerin da ka lissafa mini: labarai, finafinan Hausa, bidiyon yara a YouTube. Mafi yawansu hanya biyu ce, hagu da dama. In ka ba su sifika biyar, abin da zai faru shi ne na'urar ta raba sauti ɗaya ta watsa ko'ina, mai karanta labarai ya riƙa magana ta gabanka da ta ƙeyarka a lokaci guda.

Don haka ra'ayina, kuma ina faɗarsa da ƙarfi: kuɗin da za ka raba wa ƙananan sifikun roba guda biyar, ka tara shi a kan biyu masu kyau. Kuɗi ɗaya ne, amma a nan kowace sifika ta samu fiye da ninki biyu na kuɗin da za ta samu a can. Matsalarka ta ainihi ita ce murya ba ta fita tangaran, kuma sifika biyu masu akwatin katako, kowace da ƙaramin baki na siririn sauti da babba na inci 5 ko 6, za su magance ta nan take.

Hanya biyu ce a gabanka. Ta farko ita ce sandar sauti, wadda 'yan kasuwa ke kira saundiba, doguwar sifikar nan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin talabijin, galibi da wufarta a gefe. Waya ɗaya ce, ba ta cin wuri, uwargida ba za ta yi ƙorafin wayoyi sun bi bango ba. Aibinta shi ne yadda ka saye ta haka za ta zauna, ba a ƙara mata komai, kuma in ta lalace sau da yawa duka ake yarwa. Ta biyu ita ce ka sayi amfilifaya, wato na'urar da ke ƙarfafa sauti ta tura wa sifiku, irin ta silimar gida mai ramukan HDMI a baya, ka haɗa ta da sifika biyu yanzu. In Allah ya hore baɗi ka ƙara ta tsakiya, daga baya wufa, a ƙarshe na gefe. Wannan ce nake so ga mai iya haƙuri, domin babu abin da ka saya a farko da zai tashi a banza. A kan wannan hanya, fiye da rabin kuɗin ya tafi ga sifiku, ba ga amfilifaya ba, saboda su ne suke yin sautin, kuma sifika mai kyau tana shekara goma sha tana aiki.

Ranar da za ka je saye, kada ka bar mai shago ya zaɓa maka abin gwaji. Shi waƙa mai kiɗa zai saka ya ƙure bas, wato sautin ɗum-ɗum ɗin, shagon ya ɗauki rawa, kai kuma ka ji daɗi. Ka tafi da naka a waya ko a filashi: karatun Alƙur'ani na makarancin da ka saba ji, ko labaran rediyo, muryar da ka san yadda take. Ka ce a mayar da bas tsakiya, a rage ƙara zuwa yadda za ka saurara a gida da dare. In kana jin kowane harafi, sin ba ta yi tsini ba, muryar ba ta shaƙe ba, to ka samu. Ka kuma ɗaga sifikar da hannu, ka ƙwanƙwasa jikinta. Wadda ba ta da nauyi, tana amsawa kamar fanko, ajiye ta.

Abu na gaba ba ya cin ko sisi, shi ne inda za ka ajiye su. Kwanakin baya na shiga falon wani abokina da ya sayi mai sifika biyar. Duka biyar ɗin ya jera su a kan teburin talabijin kafaɗa da kafaɗa, wayoyin na gefen ma ba a warware su daga ɗaurin kamfani ba, ta tsakiyar kuma tana bayan tukunyar fulawa. Muka ɗauki minti ashirin muna ja da turawa, ba mu sayi komai ba, sai ga shi yana tambayata ko na taɓa wani abu a saitin. Ƙa'idar mai sauƙi ce: tazarar da ke tsakanin sifikar hagu da ta dama ta yi kusan daidai da tazarar da ke tsakaninka da kowace ɗaya. In kujerarka na da mita uku daga talabijin, to su ma a raba su mita biyu da rabi zuwa uku, a ɗan karkato fuskarsu zuwa gare ka, ƙaramin bakin ya yi daidai da kunnenka kana zaune. Kada a manna su da bango, a bar ko da taki ɗaya, musamman masu rami a baya. Wajen haɗa waya, ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka biyun. In ka juya ɗaya, bas zai ɓace, muryar ta riƙa yawo ba ka san daga ina take fitowa ba. Wayar tagulla mai kaurin milimita 1.5 ta wadatar, kada wani ya sayar maka da "wayar sauti ta musamman" da tsada.

Ka ce tayil ne a falon. To rabin gwangwanin da kake ji daga nan yake. Tsaya a tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya, za ka ji amsa-kuwwa tana biyo baya. Tayil da bangon siminti da gilashin taga duk mayar da sauti suke yi, maganar ɗan wasa ta haɗu da inuwarta ta cakuɗe. Kafet mai kauri tsakanin kujera da talabijin, da labule mai nauyi, za su yi maka aikin da sifika mai ninkin kuɗi ba za ta yi ba.

A ƙarshe, ka cire kuɗin sitabilaiza daga cikin kasafin tun kafin ka fita daga gida. Wutarmu ka san halinta, dawowarta da ƙarfi bayan an ɗauke ita ce ke kashe kayan sauti. Ka saba wa yara su kashe soket da zarar an ɗauke wuta, kuma a bar janareta ya daidaita kafin a kunna.

Wata baiwar Allah daga Katsina ta rubuto: "Na haɗa sifikata da talabijin ta Bluetooth, amma bakin mai magana yana riga sautin. Lalacewa ta yi?"

Hajiya, ba ta lalace ba. Bluetooth sai ya matse sautin, ya tura, sifikar ta warware, wannan kuwa yana ɗaukar wani ɗan yanki na daƙiƙa. A waƙa ba a lura, a fim kuwa ido yana kamawa. Maganin shi ne waya. Duba bayan talabijin ɗinki, a cikin ramukan HDMI akwai ɗaya da aka rubuta ARC ko eARC a gefensa. Shi kaɗai ne ke mayar da sauti daga talabijin zuwa sifika, sauran shigarwa kawai suke yi. In sifikar taki na da irinsa, haɗa su, ki kunna CEC a saitin talabijin, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG kuma SimpLink, sai rimot ɗaya ya riƙa ƙara miki sauti yana ragewa. In babu ARC, nemi ɗan ramin nan mai kusurwa huɗu da jar wuta ke haskawa a ciki, na wayar oftikal. In kin haɗa kin ji shiru ko wani ƙara shuuu, shiga saitin sauti ki mayar da shi PCM.

Wani matashi daga Kano ya ce ya ga amfilifaya ta hannu, Yamaha, a Sabon Gari, kuɗinta ƙasa da rabin sabuwa, yana tambaya ko akwai matsala.

Ƙanena, na hannu ba laifi ba ne, a gaskiya a nan mai ƙaramin ƙarfi ya fi samun kaya na ƙwarai. Tsofaffin Yamaha da Denon da Onkyo da Pioneer suna da ƙarko. Sai dai kafin ka taɓa aljihu, karanta bayanta. Wadda aka yi don Amurka wutar bolt 120 take sha, wadda aka yi don Japan 100, tamu kuwa 230 ce. Ka soka ta a bango kai tsaye, sai hayaƙi. In ka ga 120V kaɗai a rubuce, dole sai da taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce abin da na'urar ke sha, ka haɗa kuɗinta cikin lissafi ka ga ko har yanzu arahar tana nan. Waɗanda suka fito daga Ingila ko sauran Turai ba su da wannan matsalar.

A shagon, ka sa a ɗauki sifika ɗaya a gwada ta a kowace hanya bi da bi, domin an saba samun ɗaya ta mutu ana ɓoye ta. A gwada ramukan HDMI ɗaya bayan ɗaya. A bar ta a kunne na minti goma sha biyar da ɗan ƙara, wadda ke da ciwo a ciki za ta kashe kanta in ta ɗumama. Ka nemi rimot ɗinta na asali, don akwai saitin da ba a iya shiga sai da shi. Ka kuma duba om ɗin sifikunka, wato ma'aunin turjiyarsu ga wutar lantarki: yawancin waɗannan na'urori an yi su ne don om 6 zuwa 8, masu om 4 suna sa su zafi. In tsohuwa ce sosai ba za ta iya wuce da hoton 4K ba, amma wannan ba ya hana aiki, sai ka haɗa dikoda da talabijin kai tsaye, ka ɗauko sauti kawai zuwa gare ta. In ka kai ta gida kada ka kulle ta cikin durowa, iska take so, lokacin hunturu kuma ka riƙa rufe ta da ƙyalle in ba ta aiki saboda ƙura.

Ta ƙarshe daga Maraɗi take: "Gidan haya nake, bangonmu ɗaya da maƙwabci. Wufata tana damunsa da dare, ni kuma in na rage ba na jin magana."

Ɗan'uwa, ƙarar da ke ratsa bango ba ita ce ke ɗauke da magana ba. Sauti mai kauri da ke ƙasa da haz 80 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), inda aka saba raba aiki tsakanin wufa da sauran sifiku, shi ne ke bin siminti ya shiga ɗakin maƙwabci, muryar mutum kuwa tana sama da nan. Saboda haka rage wufar ita kaɗai, ka bar sauran. Janye ta daga lungu, domin lungu yana ƙara mata ƙarfi, ka nisanta ta da bangon da kuka haɗa, ka ɗora ta a kan kafet ko soso mai tauri. Sannan ka nemi saitin dare a na'urarka, yana danne ƙarar harbi da fashewa ya ɗago magana. In kana da sifikar tsakiya, ƙara mata desibel 2 ko 3, sai ka ga ka rage ƙarar gaba ɗaya amma kana jin kowace kalma.