Layina ya ɗauke ɗif

Tambaya: Ina sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, Legas. Tun safe layina ya ɗauke, na maƙwabta kuwa yana aiki. Me zan yi?

Amsa: Alhaji, kada ka bari abin ya kwana. Mai yiwuwa ɓarayi sun sa an mayar da lambarka kan wani sim, domin lambar sirrin da banki ke turowa ta riƙa faɗawa hannunsu. Ari wayar wani yanzu, ka kira bankinka su toshe asusun, wannan ya fi komai gaggawa. Sannan ka je ofishin kamfanin layin da lambar NIN ɗinka, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. In an riga an kwashe kuɗi, kai ƙara EFCC, hukumar yaƙi da zambar kuɗi. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci.